Yadda ake auna makarantun sakandaren gwamnati a garinku kafin ka kai yaro

Bara 'yar yayana ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, uban nata direban tirela ne kullum yana hanyar Legas, sai uwarta ta tare ni a tsakar gida ta ce Baffansu ai kai ne ɗan bokon gidan nan, kai za ka nemo mata inda za ta yi siniya, don kuɗin makarantar kuɗi dai ka san babu su. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ashe ba haka ba ne, sati uku na yi ina zaga makarantu a kan babur, kuma abin da na gano shi ne duk wanda ka tambaya sunan makaranta kawai zai faɗa maka, wance tsohuwar makaranta ce ta yaye gwamnoni, wance an yi mata sabon fenti, amma ba wanda zai iya ce maka ga abin da ake yi a cikin aji ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya. To wannan ɗin shi ne abin da za ka je ka gano da idonka. A Kano na yi nawa, amma ko a Katsina kake ko Gusau ko Azare hanyar ɗaya ce, sunayen hukumomi ne kawai za su canja.

Da farko ka san irin makarantun da kake kwatantawa

Makarantar gwamnati ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan mutane da yawa suke fara kuskure. A Kano akwai na hukumar kula da manyan makarantun sakandare, su ne mafi yawa, na je-ka-ka-dawo da na kwana, irin su Rumfa da aka kafa tun 1927 da 'yan mata ta Dala da Shekara. Akwai na hukumar makarantun kimiyya da fasaha wadda ta faro a 1977 da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, su waɗannan jarrabawar shiga suke yi ta kansu, sai yaro ya ci ake ɗaukarsa. Akwai ɓangaren Arabiyya irin su SAS, wato makarantar nazarin Larabci ta Kano, inda ake zana jarrabawar NBAIS ta Larabci da addinin Musulunci, akwai na koyon sana'a masu zana jarrabawar NABTEB, sannan ga na gwamnatin tarayya irin FGC da su ma sai an ci jarrabawar shiga.

Dalilin da ya sa na jero su shi ne kada ka ɗauki makarantar da ta tace yara ta zaɓi masu ƙoƙari, ka gwada sakamakonta da na makarantar unguwa da take karɓar duk wanda aka turo mata, ka ce waccan ta fi iya koyarwa. Wataƙila ta fi ɗin, wataƙila kuma yaran ne dama can zaƙaƙurai. Ka gwada je-ka-ka-dawo da 'yar'uwarta je-ka-ka-dawo, ta kimiyya da ta kimiyya. In yaronka yana da ƙwaƙwalwar da zai gwada jarrabawar makarantun kimiyya to ya gwada, ba a rasa komai ba, amma ka tanadi ta biyu.

Sai ka rage su zuwa uku ko huɗu, kar su wuce biyar don ba za ka iya zagawa ba. Abin da zai taimaka maka wajen ragewa shi ne nisa. Ka lissafa kuɗin adaidaita zuwa da dawowa sau kwana biyar sau sati goma sha biyu ko sha uku na zango ɗaya, in ka ga abin zai gagare ka a tsakiyar wata to cire ta tun yanzu komai kyanta, domin yaron da yake fashin kwana biyu a sati saboda babu kuɗin mota, makarantar kirki ba ta amfane shi da komai ba. Ka kuma tambaya ko makarantar tana da 'yan safe da 'yan rana, don wasu saboda cunkoso raba su ake yi, kuma in yarinya ce tana Islamiyya da yamma ka ga an sami karo.

Ka sayi littafi ɗan sittin, kowace makaranta ka ba ta shafi biyu. Kar ka ce za ka riƙe a ka, wallahi bayan makaranta ta uku duk sai sun cakuɗe maka.

Ranar zuwa da lokacin zuwa

Kada ka je satin farko na komawa hutu, shara da yankan ciyawa ake yi. Kada ka je ranar Juma'a, kada ka je lokacin jarrabawa, kuma kar ka je ranar da aka san manya za su zo daga ma'aikata don ranar har wanda ya shekara bai shiga aji ba za ka gan shi da alli a hannu. Ka bari sai sati na huɗu zuwa na takwas, ranar Talata ko Laraba, ka isa bayan an dawo daga birek. In garinku mai kasuwar mako ne to ka ƙara zuwa sau ɗaya ranar kasuwa, a nan za ka ga gaskiyar makaranta.

Ka fara da ofishin firinsifal, kar ka shiga kana leƙe-leƙe kamar ɗan leƙen asiri, mai gadi ma ba zai bar ka ba kuma daidai ne. Ka yi sallama ka ce ranka ya daɗe ni uba ne, ina so in kawo 'yata, na ce bari in zo in ga wurin tukunna. Yawancinsu daɗi suke ji don iyaye ba sa zuwa sai an kori yaro. Sau da yawa zai haɗa ka da mataimakinsa mai kula da karatu ko wani malami ya zaga da kai.

Yanzu ga aikin da ya fi kowanne muhimmanci kuma ba ya cin minti goma. Kuna tafiya a baranda kana ƙirga azuzuwa a zuciyarka, nawa ne akwai malami a tsaye yana koyarwa, nawa ne babu kowa sai monita da bulala yana rubuta sunan masu surutu. A wata makaranta da na je, mai suna sosai ce kuma fenti sabo fil, na ƙirga aji goma sha huɗu, biyar kawai na ga malami a ciki, ragowar malaman suna ƙarƙashin bishiyar darbejiya ana ta muhawarar siyasa, ɗaya ma an kawo masa shadda yana dubawa. A wata kuma da tagoginta duk sun ɓalle, yara wasu a kan tabarma, aji goma na ƙirga tara da malami, na goman ma an bar musu aiki a kan allo suna yi. Ni tun daga nan na fara sauya ra'ayi. Ka rubuta wannan lambar da zarar ka fito, kaza cikin kaza.

Ka kuma leƙa aji ɗaya ka kimanta yawan yaran. A takarda tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ɗalibi arba'in a sakandare, amma a cikin birni kowa ya san abin ya wuce nan nesa, don haka ba arba'in za ka je nema ba, bambanci za ka duba, aji mai sittin da aji mai ɗari da ashirin ba ɗaya ba ne, na biyun ko malamin waliyyi ne ba zai iya duba littafin kowa ba. Ka tsaya a bayan ajin minti biyu ka ji, shin muryar malam tana isowa, shin ana ganin rubutun allo daga can.

Tambayar malamai

Kar ka tambayi malamai nawa ne a makarantar, za a ba ka lamba mai daɗin ji. Ka tambayi darasi-darasi. Yallaɓai malaman lissafi nawa gare ku a siniya, na Turanci fa, in kimiyya yaron zai yi ka ƙara da fiziks da kimistiri da bayoloji. Sannan tambaya ta biyu wadda ita ce ainihin tambayar, a cikinsu nawa ne na dindindin, nawa ne 'yan bautar ƙasa, nawa ne ɗaliban kwalejin ilimi da suka zo koyon koyarwa, nawa ne 'yan sa-kai da ƙungiyar iyaye take ba su ɗan na sabulu. Ba raina su nake ba, wani ɗan bautar ƙasar ya fi na dindindin ƙwazo, amma shekara ɗaya zai yi ya tafi, in shi kaɗai ne mai fiziks to ranar da ya tafi fiziks ɗin ya tafi kenan sai an jira wani. Ka tambaya kuma ko abin da malamin ya karanta shi yake koyarwa, don ana samun wanda ya karanci tarihi an ɗora masa Turanci saboda babu yadda za a yi.

In an nuna maka jadawalin darussa a bango, dubi abin da aka rubuta na wannan sa'ar ka gwada da abin da ka gani a aji. Shi ke nan.

Littafin yara

Wannan ba a ofis ake yinsa ba. Ka nemi yaro ɗan SS1 ko SS2 na makarantar a unguwarku, ba za ka rasa ba, ka ce ya kawo maka littafinsa na lissafi da na Turanci. Ka buɗe ka bi kwanan wata. In ka ga darasi ranar 6 ga wata sai kuma na gaba ranar 27, ka san sati uku ba a shiga ba. Ka duba jan biro, an ba da aiki an duba, ko kuwa kwafe ne kawai shafi bayan shafi ba wanda ya taɓa kallo. Wata yarinya maƙociyarmu ta kawo min nata, rubutu tsaf kamar an buga da inji, nut cike da littafi, sai na nuna mata layi ɗaya na ce karanta min ki faɗa min da Hausa me ake nufi, ta yi shiru tana murza bakin hijabi, can ta ce Baffa ai monita ne yake rubuta mana a allo daga littafin malam mu kuma mu kwafa. Ba laifinta ba ne ko kaɗan. Amma ka ga da littafin kawai na kalla da na ce makarantar ta yi.

Ka yi wannan da yara biyu ko uku a kowace makaranta, kar ka yanke hukunci da yaro ɗaya don wani ko ina ka kai shi ba ya rubutu.

Sakamakon jarrabawa, inda ake yi wa iyaye wayo

Kowace makaranta za ta ce maka ai mu bara yaranmu sun ci sosai. To ka nemi a nuna maka takardar sakamakon gaba ɗaya da hukumar jarrabawa take aiko wa makaranta, ta NECO ko ta WAEC, malamai suna ce mata masta lis, tana wajen jami'in jarrabawa. Wani zai nuna maka wani zai ce sirri ne, in an hana ka kar ka yi rigima, ka tambayi lambobin da baki ka rubuta. Kuma ka nemi na shekara uku a jere, shekara ɗaya ba ta nuna komai.

Abin da ake ƙirgawa shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi, wato daga A1 zuwa C6. D7 da E8 sunansu fas amma ba sa kai yaro jami'a, saboda haka in aka ce maka kashi kaza sun yi fasin ka ce a'a malam, nawa ne suka haɗa biyar da Turanci da lissafi.

Sai kuma babban wayon, wato da nawa aka raba. A Kano 'yan SS2 na makarantun gwamnati suna zana kwalifayin, wanda ya ci gwamnati ta biya masa kuɗin NECO, wanda bai ci ba sai iyayensa su biya ko ya haƙura. Yanzu a ce misali makaranta tana da yara 300 a SS2, 90 suka tsallake kwalifayin, a cikinsu 70 suka haɗa kiredit biyar, firinsifal zai ce maka kusan kashi 78 cikin ɗari suka ci kuma bai yi ƙarya ba, amma in ka raba 70 ɗin da 300 da suka fara tafiyar ba su kai kashi 24 ba. Wata kuma a ce yaranta 120, 80 suka zana, 50 suka haɗa, a baki kashi 62 da ɗoriya ne ka ga kamar ta gaza waccan, alhali in ka raba da 120 ta haura kashi 41. Wace ce ta fi? Shi ya sa tambayoyinka uku ne, nawa ne a ajin, nawa suka zana, nawa suka haɗa. Ni a ganina ma sakamakon kwalifayin ɗin kansa ya fi nuna maka ƙarfin makaranta a kan na ƙarshe, don kusan kowa da ke ajin yana zana shi.

Sannan akwai maganar da ba a son yi, satar amsa. Akwai wuraren da ake rubuta wa yara amsa a allo, akwai waɗanda yaransu suke guduwa mirakul senta, wato cibiyar da ake ba da satar amsa, a ƙauye su zana a can. In ka ga makarantar da ka ƙirga malami biyar cikin aji sha huɗu amma sakamakonta kowa B3 da C4 a lissafi, to ka san da walakin. Hanyar gane wannan ita ce JAMB, tunda a kwamfuta ake yinta kuma ba a makarantar ake zanawa ba. Ka tambayi waɗanda suka gama bara da bara waccan, ku nawa kuka ci a JAMB, su wa suka sami BUK ko jami'ar Wudil ko kwalejin koyon jinya, kuma suna iya karatun ko ana ta kwasar kariyoba, wato faɗuwa darasi a maimaita shi. Yaro mai A1 a Turanci da ya kasa haɗa 150 cikin 400, ai ba sai an yi maka bayani ba.

Lab, ruwa, banɗaki, katanga

In kimiyya ne ka ce a buɗe maka lab. Kalmar ita ce a buɗe, don ɗaki mai rubutu a ƙofa kowa yana da shi. In aka fara neman wanda mukulli yake hannunsa aka rasa, ko aka buɗe ka ga ƙura ta rufe tebura da yanar gizo-gizo a kan kwalabe, ka gane sai ana sati biyu jarrabawa ake shiga. Ka tambayi ɗan SS2 ko ya taɓa yin taitireshan, wani gwajin kimistiri, da hannunsa, in ya ce mene ne shi to ka samu amsa.

Banɗaki kuwa ka je da ƙafarka ka gani musamman in 'ya mace ce, akwai ƙofa, akwai ruwa, an raba na maza da na mata. 'Yan mata da yawa suna zama a gida kwana uku huɗu duk wata saboda wannan kaɗai kuma ba za su taɓa faɗa maka ba. Wasu makarantun an gyara musu a ƙarƙashin shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya tallafa, amma gyara daban kula daban, ka duba ko famfon yana kawo ruwa yau. Katanga ma ka zaga bayanta, in akwai inda aka fasa har hanya ta fito to ta nan ake guduwa bayan birek.

In ta kwana ce aikin ya ƙaru. Ka leƙa ɗakin kwana ka ga mutum nawa a gado, ka je kicin lokacin rabon abinci ka ga gabzar da idonka, ka tambayi wa yake kwana da yaran cikin malamai, in yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare ina ake kai shi, da kuma yadda siniyoyi suke yi da ƙanana. Tun sace ɗaliban makarantar kwana da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba wanda zai ga laifinka in ka tambayi masu gadi nawa ne da nisan makarantar da ofishin 'yan sanda.

Mutanen bakin get

Ka koma rana ta biyu lokacin tashi, kar ka shiga, ka zauna wajen mai awara ko mai rake ka sayi na ɗari biyu. Waɗannan sun fi sufeto sanin makarantar. Wata dattijuwa mai sayar da ɗanwake na ce mata Iya yaran nan ƙarfe nawa suke tashi, ta ce ɗan nan wane tashi, ai daga sha ɗaya suke fara zubowa, sha biyu na sayar na tafi gida. A nan kuma za ka ga ko ana faɗan daba a bakin makaranta, ko samari suna tsayawa jiran 'yan mata, ko akwai malamin da yake tsayawa har yara su watse.

Ka nemi wani a cikin shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, ka ji yaushe suka yi taro na ƙarshe. Makarantar da tsofaffin ɗalibanta suke waiwayarta ma tana da wani ƙarfi na daban, su ne suke sayen benci da biyan malaman sa-kai. Ka tambayi shekarar firinsifal nawa a wurin, domin gaskiya makarantar gwamnati rabin kyanta shugabanta ne, in mai tsayawa a get ƙarfe bakwai da rabi ne malamai ma sai su shiga taitayinsu, in aka canja shi kuma cikin zango biyu sai ka ga komai ya sukurkuce.

Kuɗi, sai kuma yanke shawara

Tun 2019 aka ce ilimi kyauta ne kuma dole a Kano, a 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, amma ka tambayi iyayen da yaransu suke ciki abin da suke kashewa a zahiri, yunifom, littattafai, kuɗin ƙungiyar iyaye, na furaktikal, na lesin ɗin yamma in ana yi, wani wurin har benci kai za ka kai. Ka haɗa da kuɗin motar da ka lissafa tun farko.

Yanzu ka baje littafinka. Ni maki na ba kowace daga ɗaya zuwa biyar a kan kowane abu, amma malami a aji da littafin yara da sakamakon da na raba da kaina sai na ninka makinsu sau biyu, gini da fenti kuwa ban ba su komai ba sai in rufin yana yoyo. In biyu suka yi kusa da juna ɗauki ta kusa da gida. Ka kuma zauna da yaron ka ji ta bakinsa, tamu yarinyar ce ta faɗa min cewa ɗaya daga cikin makarantun sai an ratsa wani lungu da ko maza ba sa son bi, ni a kan babur ban taɓa lura ba.

In gurbin da aka ba yaron ba a makarantar da ka zaɓa yake ba, ofishin ilimi na shiyya ake zuwa neman canji, ka tafi da takardar sakamakonsa ta aji uku da hotuna da takardar haihuwa, kuma ka fara samun firinsifal ɗin da kake so ya tabbatar maka akwai wuri kafin ka fara zirga-zirga. Mu mai ɓallallun tagogin muka ɗauka, na sa kafinta ya yi mata benci ita da ƙawayenta biyu aka rubuta sunansu da fenti a ƙasa don kar a ɗauke. Littafin nan ɗan sittin yana nan ban yar ba, duk ƙarshen wata nakan karɓi littafinta na lissafi in bi kwanan wata, na watan jiya na tarar da giɓin kwana goma sha ɗaya, da na je tambaya aka ce malamin ne aka yi wa canjin wurin aiki, wai sabon zai zo ranar Litinin.